Kyauta Ba Ta Yi Gafara Ba

A unguwar da ke bayan kasuwar Talata Mafara, in ka ji ana cewa "ai ta riga ta faɗa", ba sai ka tambayi wace ce ba. Kyauta ce, mai gumin shinkafa. Shekara ashirin da bakwai tana sayen shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a hannun manoman Bakolori, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, ta kai inji, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinta. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, wuta ta gasa mata hannuwa har ba ta neman tsumma in za ta sauke tukunya. Mutane na son shinkafarta, suna kuma shakkar bakinta.

Gidan da take ciki marigayi mijinta ne ya gina shi da jar ƙasa da azara. Ɗanta ɗaya ne, Zaharaddini, malamin gona a Bakura, wanda ya yi gidan siminti har ya ware mata ɗaki a ciki. Shekara uku yana lallashinta ta koma can, ita kuwa ta san abin da komawar take nufi. A zaunar da ita a kujera, a kawo mata tuwo, a ce "Inna, huta", ba murhu, ba masu saye, ba ko wanda za ta yi wa faɗa. Ya taɓa gaya mata, cikin ladabi amma da gaske, cewa ranar da ya ga ƙarfinta ko hankalinta ya fara gazawa ba zai ƙara neman shawararta ba, mota kawai zai kawo. Ta ce masa ya tanadi man motar da kyau, don zai daɗe yana jira.

Bayan ɗaukewar damina gara ta shigo ɗakin ajiya. Da fari wani siririn layin jar ƙasa ne a jikin bango, Kyauta ta kankare shi da wuƙa ta manta. Da aka zo ɗaga buhuna sai gindin uku ya zube a ƙasa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta zuba toka, ta zuba baƙin mai, ta sayo fiya-fiya ta fesa har idonta ya yi ja, gara ko gezau. Sai ta bi layin da kanta, a tsugunne, tun daga ɗakin ajiya har bayan murhu, inda ta tarar da rami a gindin katanga, faɗinsa bai wuce bakin moɗa ba.

To, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa haka kawai. Sai an yi bisimilla, tsofaffi kuma su ƙara da neman gafara, su ce masu ƙasa su janye 'ya'yansu, domin ba mu kaɗai ke zaune a kanta ba. Kyauta ta fi kowa kiyaye wannan, tunda sana'arta gaba ɗaya ruwan zafi ce. A yini takan faɗa sau ashirin, kuma ta sha ƙwala wa masu aikinta muciya don sun manta.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta tafasa ruwa cike da duro, ta kira Larai, abokiyar aikinta tun suna da ƙuruciya, suka kama kunnuwan duron suka kai bakin ramin. Kyauta ta karkata shi, bakinta a rufe.

Larai ta saki nata gefen. "Yaya Kyauta, ba ki yi gahwara ba!"

"Na sani."

"To ki yi mana, tun ruwan bai kai ba."

"Ke Larai, yi tunani," in ji Kyauta. "In na ce su janye ɗiyansu, ai janyewa za su yi. Ni ko ɗiyan nika nema."

A nata lissafin maganar ba ta da makusa, kuma abin da ya cuce ta ke nan, don Kyauta ba ta taɓa yin lissafi ta koma ta duba shi ba. Duro uku ta ɗura wa ramin, ya shanye tas bai tumbatsa ba. A na ukun ne tururi ya taso da wani irin ƙauri mai kama da na gashi, aka kuma ji wani siririn sauti daga can ƙasa, ya ja, ya tsaya. Larai ta ce kanta na ciwo, ta yafa mayafinta ta tafi gida tun azahar ba ta yi ba.

Kwana bakwai ba gara, ba alamarta. Kyauta ta gaya wa duk wadda ta zo awo yadda ake maganin gara, har tana yi wa masu fiya-fiya dariya.

A rana ta takwas, bayan sallar azahar, lokacin da rana ta kori kowa inuwa gari ya yi tsit, tana kishingiɗe a rumfa sai ta ji shi. Ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, kamar mutum na tauna gyaɗa da baki a rufe. Ta ɗaga kai, ya tsaya. Ta mayar, ya ci gaba. Ta bi sautin har gaban turminta na kirya, ta ƙwanƙwasa shi da muciya, ta ji ya amsa fanko. Ta san halin gara sarai: takan cinye ciki ta bar maka fata, ka yi ta kallon abinka lafiya ƙalau har ranar da za ka taɓa shi ya ruguje. Ta ɗauko gatari ta raba turmin biyu. Cikinsa jawur, ƙaƙƙarfa, ko hudar allura babu.

Larai da ta dawo aikin yamma ta tsaya a kan ɓangarorin turmin tana duba cikinsu.

"Sun ji gatari sunka gudu," in ji Kyauta.

Daga turmi sai kujerar tsugunno. Daga kujera sai ƙyauren ɗakin ajiya, sai akwatin katako da ta zo da shi gidan aure. Kowanne ya yi mata ƙarar fanko, kowanne ta fasa ta same shi lafiya, sautin kuma ya koma wani wuri. Ta daina jingina da bango. Ta kifa kwanon ƙarfe a tsakiyar gida tana zama a kai cikin rana, don ƙarfe kaɗai ta yarda da shi. Har azarar ɗakinta, wadda kowa ya san gara ba ta cika ci ba, ta hau tsani ta bi ta ɗaya bayan ɗaya tana saurare.

Sannan ta fara lura da mutane. Matan da ke zuwa awo sukan yi shiru in ta juyo, ta tabbata da ita suke. Maƙwabciyarta ta aiko da kunu, ta zubar a kwata, don ta ga wani abu fari yana yawo a kai. Wata rana Larai na tauna goro a bakin murhu, Kyauta ta tsaya cak tana kallon muƙamuƙinta, saboda ƙarar iri ɗaya ce da ta cikin bango, ba bambanci ko kaɗan.

"Tohe shi," ta ce.

"Mi zan tohe?"

"Abin da kika ci. Buɗe bakinki in gani."

Larai ta buɗe, goro ne. Duk da haka Kyauta ta ce ta tafi kada ta sake dawowa. Larai ta fita tana hawaye, ta kuma yi abin da mai hankali zai yi, ta buga wa Zaharaddini waya.

Gaskiyar magana, lokacin da ya iso Kyauta ta riga ta ji tsoro, irin tsoron da ba ta taɓa ji ba har ranar da aka fitar da gawar mijinta. Ta rame, murhu ya kwana uku ba wuta. Da ya ce ta zo Bakura ta yi kwana biyu ta ga jikarta Amira, wadda ta cika wata huɗu, ba ta yi gardama ba. Ta dai kafa sharaɗi cewa kwana biyu ne, kuma ziyara ce.

Gidan Bakura tayil ne a ƙasa, silin a sama, gado na ƙarfe. Ta saurara, ta ƙara saurarawa, ba ta ji komai ba sai fanka. Ranar ta yi barcin rana har la'asar ta kusa kuɓuce mata. Da ta farka ta ɗauki Amira, yarinyar ta kama mata yatsa tana dariya da dasashi, Kyauta ta ji zuciyarta ta yi sanyi. Har ta fara raya wa kanta, a ɓoye, cewa wataƙila zaman Bakura ba mutuwa ba ne.

Washegari da hantsi surukarta Hidaya ta shimfiɗa yarinyar a ƙaramar katifa a falo, ta ce wa Kyauta ta duba mata ita, ta shiga kicin. Kyauta na zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, tana yi wa jikarta wasa. Sai idonta ya sauka a kan tayil.

Layin jar ƙasa ne, siriri, ɗanye. Ba daga bango ya fito ba. Daga ƙarƙashin diddigenta ya taso, ya miƙe sak zuwa katifar, kuma tana kallo ana ƙara gina bakinsa, ɗigo bayan ɗigo. Saura taƙi ɗaya ya kai. Ta sa tafin hannu ta murje shi. Abubuwan da ke ciki suka bayyana, farare, kumburarru, sun yi laushi kamar shinkafar da ta wuce dahuwa. Dafaffu ne, amma suna motsi.

"Gahwara," ta ce. "Gahwara dai, masu ƙasa. Na yi kuskure. Gahwara."

Suka tsaya kamar masu saurare. Sannan suka ci gaba da gini.

Kyauta ta miƙe ta ja da baya zuwa ƙofa. Da ta yi taku biyar sai bakin layin ya daina gaba. Da ta kai bakin ƙofa ya lanƙwaso, ya bar katifar, ya biyo ta. Ta matso taku biyu don ta gwada, ya juya wajen yarinyar. Ta koma da sauri. A nan ta gane yadda abin yake: ita suke bi, duk inda ta sa ƙafa nan ne gidansu, amma in akwai ɗa a kusa da ita, shi za su fara nufa.

Ta ƙwala wa Hidaya kira ta nuna mata ƙasa. "Mi kika gani nan?"

Hidaya ta duƙa ta duba. "Ƙasa ce, Inna. Wataƙila ta takalminki ce. Bari in share."

"Ɗauki ɗiyarki tukuna. Goya ta. Kar ki aje ta ƙasa yau."

Kafin Zaharaddini ya dawo daga aiki ta riga ta hau motar Mafara, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Da yamma ya kira ta a waya, muryarsa a sanyaye. Ya ce ya yi magana da Kawu Nasidi, wan Kyauta da ke Maradun, za su zo ranar Asabar su zauna su uku. Duk abin da Kawu ya gani ya yanke, shi za a yi. Kyauta ta fahimta. In Nasidi ya ce kanta ya taɓu, za a sa ta a mota a kai ta ɗakin nan da ke jikin ɗakin Amira, kuma ba mai sauraron dalilinta, don dalilin nata shi ne babbar shaidar haukan.

Kwana huɗu gare ta, ba ta kuwa ɓata ko ɗaya ba. Ta je gidan Larai da ƙafarta ta ba ta haƙuri, abin da ba ta taɓa yi wa wani mahaluki ba. Ta sayo sabon turmi, ta sa kafinta ya kafa ƙyaure, ta ƙone guntayen akwatin a murhu. Ta jiƙa buhu huɗu, hayaƙi ya sake tashi a gidan. Abin da ya gagare ta ɗaya ne, sautin. Tun dawowarta ya ƙaru har ba ta jin maganar mutum sai ya maimaita, kuma ta san Nasidi ba zai maimaita sau biyu bai gane ba.

Ran Laraba da safe za ta yi alwala ta ga layin a jikinta, daga diddigen hagu zuwa idon sawu. Ta wanke shi da soso har fatar ta yi ja, nan take bangon gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙas-ƙas kamar zai faɗo. Ran Alhamis ya dawo, ya ɗara na jiya tsawo. Tana sauri, wuta na ci, ta ce bari ta sauke tukunya tukuna. Tana cikin aiki sai ta lura tana jin kukan kaji, tana jin mai tallan manja a waje, tana jin tafasar ruwa. Gidan ya yi shiru. Ta tsaya da muciya a hannu ta yi lissafinta, a karon nan har sau biyu. In ta bar su a jikinta, za su bar mata kunnenta.

Ba zafi abin yake yi ba. Sanyi ne, da ɗan motsi a ƙarƙashin fata. Ta sa safa, ta ɗaura zane har ƙasa.

Ran Asabar da hantsi suka iso. Malam Nasidi tsoho ne mai sanda da ƙaramin gemu, wanda ya yi shekaru yana sasanta rigimar gona a wajen Janbako, saboda haka ya iya kallon mutum yana magana. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiyar hanya da mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya. Kyauta ta kawo fura, ta ce masa ya tsufa har ya fara kama da babansu, sai dai babansu ya fi shi haƙora. Ya yi dariya har da tari.

Ya zaga gidan yana dukan azara da sandarsa, kowacce ta amsa da ƙarfi. Ya dawo ya zauna a tabarma.

"Kyauta, an ce kin hwasa turmi."

"Turmin wa?"

"Naki."

"To, Yaya, daga Maradun kat taso don na hwasa turmina? Gara nika nema, na ko yi asarar buhu uku kahin nan. Kai da ɓera yac ci maka irin gero bara, ba rumbu guda kat tone ba?"

Nasidi ya shafa gemu, don haka aka yi. "Bakura hwa? An ce kin baro ba sallama."

"Jiƙo na baro cikin duro, na manta ban gaya ma Larai ba. In ya kwana uku ya yi tsami, wa za ya biya ni? Wanga?" Ta nuna ɗanta da leɓe. "Shi da ya san shinkahwa a takarda?"

Ya yi mata tambayoyi har azahar, ta amsa kowacce tun kafin ya rufe baki. Ta gaya masa farashin shanshera a kasuwa uku, ta gyara masa shekarar da aka yi auren ƙanwarsu. Duk wannan lokacin tana jin sanyin yana hawa ƙwaurinta a hankali, ba ta ko gyara zama ba.

A ƙarshe Nasidi ya juya wajen Zaharaddini. "Ɗana, wagga ta hi ni lahiya, ta hi ka. Gajiya ce tay yi mata yawa, ta kuma wuce. Bar ta gidanta."

Zaharaddini ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe, don shi ma ba ya son abin ya zama gaskiya. "Alhamdu lillahi. To Inna, tunda haka ne, bari in kawo maki Hidaya da Amira su yi maki sati guda. Tun da kinka taho yarinyar ke ta waige-waige."

Wannan ce tambayar da Kyauta ba ta shirya mata ba. Ta ga dasashin nan, ta ji ɗan hannun a yatsanta. Ta san in ta ce hayaƙi zai ce za su zauna a ɗaki, in ta ce aiki zai ce Hidaya za ta taya ta. Ɗanta ne, ta san inda za ta taɓa shi ya daina.

"Kar ka kawo min su," ta ce. "Na yi renona na gama. Ba ni son kukan jarirai, ba ni son matarka tana bi na da tsintsiya. In kana son ganina ka zo kai ɗaya. In yarinyar ta yi wayo ta girma, ka nuna mata hotona."

Zaharaddini ya dube ta kamar ta mare shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Nasidi ya girgiza kai ya ce halin nan dai sai kabari, wanda hakan ya ƙara tabbatar masa lafiyarta lau. Suka yi sallama. Ba ta raka su zaure ba, ta ce ƙafarta ta yi tsami da zama.

Ta ji tashin motar, ta ji ta sha kwana wajen kasuwa. Ta dubi tsakar gidanta, shanya a kan tamfol, durori uku a kan wuta, sabon turmi a gindin bango. Ba mai fitar da ita daga nan kuma. Hawaye ya zubo mata ta share da bakin mayafi tun Larai ba ta juyo ba. Ta gwada janye ƙafar hagun, ta ji ta kama ƙasa, sanyin kuma ya wuce gwiwa.

"Yaya Kyauta, ta nuna, zo mu sauke," in ji Larai daga bakin murhu.

Kyauta ta ja zanenta ta rufe yatsun ƙafar da kyau.

"Ba ta nuna ba, daga nan nika jin ƙamshinta," ta ce da babbar muryarta. "Ƙara mata itace biyu. Ni nan zan zauna in duba ki."